Faɗaɗawa ko ƙaura: yadda ake yanke makomar babban asibiti, da darasin da Shika ta bari

Duk babban asibitin da ya daɗe a tsakiyar gari yakan kai wani lokaci da wurin ke yi masa kaɗan. Gadaje su cika, a riƙa kwantar da majinyata a baranda, gidaje da shaguna su kewaye katangarsa har a rasa inda za a ƙara ko ɗaki ɗaya. A nan ne hukumomi ke fuskantar tambaya mai nauyi: a gyara a faɗaɗa a inda yake, ko a nemi sabon fili a bayan gari a kwashe shi gaba ɗaya?

Sau da yawa jama'a ba sa jin labarin irin wannan shawara sai ranar da aka ɗora harsashi, aka nuna zanen gini mai ƙyalli a talabijin. Amma shawarar da aka yanke a ɗakin taro ita ce ke ƙayyade tsawon tafiyar da mai naƙuda za ta yi da tsakar dare nan da shekara talatin. Wannan bayani ya duba yadda ake tsara makomar babban asibitin yanki a Najeriya, ta hanyar misalin da Arewa ta fi sani: komawar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wato ABUTH, zuwa mazauninsa na dindindin a Shika.

Wa ke da iko da wane asibiti?

Harkar lafiya a Najeriya hawa uku ce. A ƙasa akwai cibiyoyin lafiya matakin farko, waɗanda ke unguwanni da ƙauyuka, kuma a al'adance ƙananan hukumomi ne ke da alhakinsu tare da hukumomin lafiya na jihohi. A tsakiya akwai manyan asibitocin jiha. A sama kuma akwai asibitocin koyarwa, da cibiyoyin lafiya na tarayya, da asibitocin ƙwararru, waɗanda akasarinsu ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ko da yake jihohi da dama sun kafa nasu.

A tsari, mara lafiya zai fara da hawa na farko, sai ciwon ya fi ƙarfin wurin a tura shi gaba. A zahiri kuwa, raunin ƙananan cibiyoyi ya sa mai zazzaɓin cizon sauro da mai ciwon daji suna haɗuwa a layi guda a asibitin koyarwa. Saboda haka babban asibiti a Najeriya yana aiki biyu a lokaci ɗaya: shi ne madogarar jihohi da dama a kan cututtuka masu wuya, kuma shi ne asibitin unguwa ga mutanen da ke kewaye da shi. Duk wani shirin ƙaura da ya tuna da aiki na farko ya manta da na biyu, zai bar giɓi a bayansa.

Rabuwar iko tana da wani tasirin kuma. Gwamnatin tarayya na iya mallakar asibiti, amma filin da za a gina shi, da hanyar da za ta kai ga ƙofarsa, da ruwan famfon da zai sha, duk suna hannun gwamnatin jiha. Idan ɓangarorin biyu ba su zauna a teburi ɗaya ba, sai a gama gini a rasa titi.

Daga Tudun Wada zuwa Shika

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1967 aka kafa Cibiyar Lafiya ta jami'ar domin horar da likitoci da sauran ma'aikatan lafiya ga jihohin Arewa. Cibiyar ba ta fara da nata gini ba. Ta karɓi asibitocin gwamnati da ta tarar, mafiya girma a cikinsu su ne na Tudun Wadar Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi. Ɗalibai da malamansu sun riƙa kai-komo tsakanin waɗannan garuruwa, ga shi kuwa tsakanin Zariya da Kaduna kaɗai akwai tafiyar kusan kilomita 80.

A 1976 gwamnatin tarayya ta karɓi ragamar asibitocin koyarwa na ƙasar. A 1985 Dokar Soja mai lamba 10 ta ba su hukumomin gudanarwa na kansu, abin da ya raba asibitin da jami'ar ta fuskar mulki. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, reshen Malumfashi ya faɗa a wata jiha dabam da sauran biyun.

Dalilin neman mazauni ɗaya a fili yake. Asibitin da ke warwatse a garuruwa uku dole ya tanadi ɗakunan tiyata uku, da ɗakunan gwaje-gwaje uku, da ma'aikatan mulki uku, kuma ƙwararren likita ɗaya ba zai iya kasancewa a ko'ina a lokaci guda ba. Sai aka zaɓi fili a Shika, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, gaba da harabar jami'ar da ke Samaru. Aikin ginin ya yi ta tsayawa yana tashi, ya ratsa gwamnatocin soja da na farar hula. Sai a watan Nuwamba na 2005, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, asibitin ya tare a sabon mazauninsa. Wato daga kafuwarsa zuwa tarewarsa an yi shekara 38. Tarewar ta zo ne a lokacin da gwamnatin tarayya ke wani shiri na sabunta kayan aikin asibitocin koyarwa tare da kamfanin VAMED na ƙasar Ostiriya, kuma ABUTH na cikin waɗanda suka amfana.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Ribar haɗe asibitin wuri ɗaya ba ta da gardama. Likitan ƙwaƙwalwa da na ƙashi da na yara suna ƙarƙashin rufi guda, wanda hatsarin mota ya raunata a wurare da yawa ba sai an yi ta yawo da shi ba. Ɗalibai sun matso kusa da jami'arsu. An samu filin da za a ƙara gine-gine, ciki har da sashen gashin cutar daji, wanda ke cikin 'yan ƙalilan irinsa a faɗin ƙasar. Ga majinyacin da ya taso daga Funtuwa ko Gusau ko Malumfashi, Shika ta fi sauƙin isa, domin ba sai ya kutsa cikin cunkoson gari ba.

Amma akwai waɗanda tafiyarsu ta ƙaru. Mazaunin Birnin Zazzau ko Tudun Wada, wanda a da asibitin ke bayan gidansa, yanzu sai ya ratsa gari ya wuce Samaru kafin ya isa. Kuɗin mota ya shiga lissafin jinya, ba na majinyaci kaɗai ba, har na masu kai masa abinci safe da yamma. Asibitin ya ci gaba da riƙe wasu cibiyoyi a wajen Shika, irin su Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau da cibiyar lafiya ta Yakawada, sa'an nan nauyin da ke kan asibitocin jiha, kamar na Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ya ƙaru.

Birnin Kaduna ya fi kowa jin canjin. Babban birnin jiha, tsohuwar hedikwatar Arewa, ya wayi gari asibitin koyarwar da ya saba da shi ya koma nesa. Birnin na da cibiyoyin tarayya na ƙwararru, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa, da Cibiyar Kunne ta Ƙasa, da Asibitin Masu Taɓin Hankali na Barnawa, amma kowanne fanni ɗaya yake dubawa. An ɗauki shekaru kafin gwamnatin jiha ta ɗaga Asibitin Barau Dikko ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Shi kuwa asibitin ƙwararru mai gado 300 da aka fara ginawa a Millennium City a 2009, a zamanin Gwamna Namadi Sambo, sai a 2025 aka buɗe shi.

Darasin Shika ke nan a taƙaice: ƙaura na iya zama daidai, amma ba ta kammala ranar da motoci suka kwashe gadaje. Tana kammala ne ranar da aka cike giɓin da aka bari.

Ba Shika kaɗai ba

Yawancin asibitocin koyarwa na Najeriya sun bi irin wannan hanya, domin an kafa su ne a kan tsofaffin asibitocin gwamnati a matsayin mazaunin wucin gadi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya fara aiki ne a Asibitin Murtala Muhammad da ke cikin birni kafin ya koma mazauninsa na kan titin Zariya. Da ya tashi, Asibitin Murtala ya ci gaba da aiki a matsayin asibitin jiha, don haka mutanen cikin birni ba su rasa wurin zuwa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ya bar tsakiyar gari ya koma Lamingo. Na Jami'ar Ilorin ya koma yankin Oke-Oyi. A kudu maso gabas, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya ya bar cikin Inugu a 2007 ya koma Ituku-Ozalla, mai nisan kusan kilomita 21 daga birnin.

A Bauci an bi wata hanyar. Gwamnatin tarayya ta karɓi Asibitin Ƙwararru na jihar ta mayar da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a inda yake, ita kuma jihar ta samar da wani asibitin ƙwararrun. A Gombe da Katsina ma, cibiyoyin lafiya na tarayya aka ɗaga darajarsu zuwa asibitocin koyarwa ba tare da an motsa su ba.

Hanyoyi uku da ke gaban masu tsari

Hanya ta farko ita ce a sake gini a inda ake. Ana rushe tsofaffin gine-gine ɗaya bayan ɗaya, a maye gurbinsu da benaye. Jama'a ba sa rasa kusanci, ba a kuma sayen sabon fili. Illarta ita ce aikin yana ɗaukar lokaci, domin asibiti ba ya rufewa: ana tiyata a nan, ana fasa kankare a can, ƙura da hayaniya na shiga ɗakunan majinyata. Bene kuma yana buƙatar na'urar hawa da sauka, ita kuwa ba ta aiki sai da wutar da ba ta yankewa.

Hanya ta biyu ita ce a kwashe komai zuwa sabon fili. Masu zane suna samun 'yancin tsara asibiti yadda aikin likitanci na zamani ke buƙata, sashen gaggawa kusa da ɗakin hoto, ɗakin hoto kusa da ɗakin tiyata. Sai dai ita ce mafi tsada, kuma mafi saurin zama aikin da aka yi watsi da shi idan gwamnati ta sauya ko kuɗin shiga ya ragu.

Hanya ta uku ita ce a raba aiki gida biyu. Manyan ayyuka, kamar tiyatar zuciya da ƙwaƙwalwa da maganin daji, su koma sabon wuri. Awon ciki, da haihuwa, da rigakafi, da ganin likita na yau da kullum, da taimakon gaggawa na farko, su tsaya a tsohon wuri. Wannan ta fi tausaya wa talaka, amma tana buƙatar ƙarin ma'aikata da motocin ɗaukar marasa lafiya masu zirga-zirga tsakanin wuraren biyu dare da rana.

Babu ɗaya daga cikin ukun da ta fi sauran a kowane hali. Abin da doka da hankali ke nema shi ne a auna su duka a rubuce, da alƙaluma, kafin a zaɓa.

Mintuna ake ƙirgawa, ba kilomita ba

Ma'auni mafi muhimmanci wajen zaɓen fili shi ne lokacin da mara lafiya zai ɗauka kafin ya isa. A 1994 masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata masu juna biyu: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ƙaura zuwa sabon gini mai kayan aiki na iya rage jinkiri na uku, ta kuma ƙara na biyu. Har na farko ma tana iya ƙarawa, domin magidancin da ya san tafiyar na da nisa da tsada yakan ce a jira gari ya waye.

Batun ba ƙarami ba ne a ƙasar nan. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fi haka yawa. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i kaɗan.

A 2015 kwamitin da mujallar Lancet ta kafa kan tiyata a duniya ya ba da ma'auni mai sauƙin fahimta: a duba kason jama'ar da ke iya isa, cikin awa biyu, ga asibitin da ke iya yin tiyatar ciro jariri, da buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya fito waje. Burin shi ne kashi 80 cikin 100 na jama'a su samu haka kafin 2030. Irin wannan lissafi ya kamata a yi da abin hawan da mutane ke amfani da shi a zahiri, wato acaɓa da Keke Napep da motar haya, a kuma yi shi da damina da kuma da dare, ba da motar jami'in gwamnati da rana tsaka ba.

Akwai wata matsalar. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006. Mai tsara asibitin da zai yi shekara 50 yana aiki dole ya dogara da hasashe, don haka wajibi ne ya bayyana daga ina ya samo alƙalumansa, da kuma ɓangaren da yake tsammanin gari zai faɗaɗa.

Ruwa, wuta, ambaliya da tsaro

Fili mai arha a bayan gari yakan zo da tsadar da ba a gani a takarda. Asibiti na cin ruwa mai yawan gaske: wankin ƙoda, da tsabtace kayan tiyata, da wankin zannuwa, da ban-ɗaki. Zariya ta shafe shekaru da dama tana fama da ƙarancin ruwan famfo, kuma duk asibitin da ke irin wannan gari sai ya tanadi rijiyoyin burtsatse da matatar ruwa na kansa.

Wutar lantarki ta zama babbar barazana tun bayan da aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A a watan Afrilun 2024, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin rarraba wuta ya yanke wa Asibitin Koyarwa na Ibadan wuta saboda bashi, aka yi watanni ana cikin duhu. Sabon asibiti mai faɗi da na'urori masu yawa yana cin wuta fiye da tsohon da ya maye gurbinsa. Idan tsarin bai faɗi inda wutar za ta fito ba, ko layi na musamman ko hasken rana ko iskar gas, to bai cika ba.

Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumbar 2024, bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau, ta shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ta lalata na'urori masu tsada, a daidai lokacin da birnin ya fi buƙatarsa. Tun daga nan, tambayar ko fili na kan hanyar ruwa, da kuma hawan da za a ajiye janareto da manyan na'urori, ta wuce abin da za a bar wa 'yan kwangila.

Haka ma tsaro. A watan Yulin 2021 'yan bindiga sun kai hari Cibiyar Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa da ke Saye, a wajen Zariya, suka sace mutane. Asibitin da ke gefen gari yana buƙatar katanga, da fitilu, da gidajen ma'aikata a cikin harabarsa. In ba haka ba, likitan da aka kira da ƙarfe biyun dare sai ya zaɓa tsakanin ransa da ran majinyaci.

Kuɗin gini da kuɗin riƙo

'Yan siyasa sun fi son maganar kuɗin gini, domin shi ake yanke wa kyalle. Amma abin da ke tafiyar da asibiti shi ne kuɗin kullum: albashi, magani, iskar oksijin, man dizal, gyaran na'ura. A cikin 'yan shekaru kuɗin riƙo yakan zarce abin da aka kashe wajen gini. Gado 500 ba su da amfani idan ma'aikatan jinya na gado 200 kawai ake da su, musamman a lokacin da likitoci da ma'aikatan jinya ke ta ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada.

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. Kasafin tarayyar Najeriya bai taɓa kai wannan mizani ba. Abin da aka rubuta a kasafi ma ba shi ne abin da ake saki ba. Shi ya sa aikin da aka dogara da kasafin shekara-shekara wajen ginawa ke jan ƙafa, farashi na tashi, zanen na tsufa tun ba a shiga ba.

Sauran hanyoyin samun kuɗi kowace da sharaɗinta. Rance daga cibiyoyi irin su Bankin Raya Ƙasashen Musulmi bashi ne da 'yan baya za su biya. Haɗin gwiwa da 'yan kasuwa yana kawo kuɗi da sauri, amma mai zuba jari riba yake nema, kuma a ƙasar da akasarin kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita, tambayar ita ce nawa za a riƙa biya a sabon wurin.

Makomar tsohon wuri

Filin tsohon asibiti a tsakiyar gari dukiya ce mai tsoka, kuma a nan ne ya kamata a fi sa ido. Idan ba a bayyana makomarsa tun kafin ƙaura ba, abu biyu ke faruwa: ko ya zama kango, ko a yanka shi fuloti-fuloti a raba. Wani lokaci ma sha'awar filin ce ke tura maganar ƙaura tun farko. Tsari na gari yana faɗi a rubuce wa zai karɓi wurin, wane aikin lafiya zai ci gaba a cikinsa, da wane kuɗi, kuma daga wace rana. Misalin Kano ya nuna amfanin barin tsohon wuri yana aiki.

Ranar ƙaura kanta aiki ce ta musamman. Ana rage kwantar da majinyata makonni kafin lokacin, a ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, a gwada wuta da ruwa da bututun oksijin a sabon wuri, a kwashe sashe bayan sashe, a bar sashen gaggawa na tsohon wuri a buɗe har sai na sabon ya kankama. Fayilolin majinyata da ma'ajiyar jini na cikin abubuwan da ɓatansu ke jawo asarar rai.

Abin da doka ta ba ɗan ƙasa

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya wajabta biyan diyya a kan gine-gine da amfanin gona da ke kai. Manoman da za a karɓi gonakinsu suna da haƙƙin sanin yadda aka ƙiyasta diyyarsu.

Dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta tanadi cewa a binciki illar manyan ayyuka kafin a fara su, a kuma ba jama'a damar duba rahoton su faɗi ra'ayinsu. Ga asibiti, wannan ya shafi inda ruwan ƙazanta da sharar allurai da hayaƙin ƙona shara za su nufa.

Dokar bayar da kwangilolin gwamnati ta 2007 ta wajabta tallata aiki a fili da yin gasa tsakanin 'yan kwangila, ta kuma hana bayar da kwangila ba tare da an tanadi kuɗinta a kasafi ba. Jihohi suna da nasu irin dokokin.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba za a kafa ko a gina ko a sauya fasalin cibiyar lafiya ba sai da takardar shaidar cika ƙa'ida. Ita ce kuma ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko da ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya.

Makamin da ya fi kusa da hannun matashi shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Kowa na iya rubuta wa ma'aikata ko hukumar asibiti ya nemi takardu ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma doka ta ba su kwana 7 su amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta shafi jihohi ma, ba hukumomin tarayya kaɗai ba.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Duk lokacin da aka ji sanarwar faɗaɗa ko mayar da babban asibiti, akwai tambayoyin da ɗan jarida ko ɗan majalisa ko ƙungiyar matasa za su iya gabatarwa a rubuce.

Ina rahoton binciken da ya kwatanta gyara a wuri, da ƙaura, da raba aiki gida biyu, kuma wa ya rubuta shi?

Mutum nawa ne tafiyarsu za ta ragu, mutum nawa kuma tasu za ta ƙaru, da minti nawa?

Wa ya mallaki sabon filin, da filayen da ke kewaye da shi, kuma yaushe ya saye su?

Nawa za a kashe wajen gini, nawa kuma za a riƙa kashewa duk shekara wajen riƙo, daga wane asusu?

Likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi nawa ake buƙata, kuma nawa ake da su yanzu?

Wa zai yi titi, ya kawo ruwa da wuta, kuma an sa hannu a yarjejeniya da shi?

Me za a yi da tsohon wurin, kuma wane aikin lafiya ne zai ci gaba a can?

An zauna da mazauna unguwannin da abin ya shafa, da ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, da mata masu zuwa awo, kafin a yanke shawara ko bayan an yanke?

Hukumar da ta yi aikinta za ta iya amsa waɗannan cikin kwana bakwai, domin amsoshin suna cikin fayilolinta. Wadda ta kasa kuwa, alama ce cewa an zaɓi fili kafin a yi lissafi. An ɗauki shekara 38 daga kafuwar asibitin kafin a tare a Shika, kuma jikokin waɗanda suka zaɓe ta ne ke bin hanyarta a yau. Lokacin yin tambaya shi ne kafin a haƙa harsashi, domin idan siminti ya bushe, sai dai a saba da nisan.